Zaren Lantarki da Mazarin Gwaggo Tabawa

Ku gyara zama, ku jawo tabarmarku kusa, ga labari nan tafe. Ba nawa ba ne, na marigayiya matata Lantana ne, Allah ya jiƙanta. Daga garinsu ta kawo min shi, can ƙasar masu noman auduga, kuma tun da ta rasu ban ba kowa shi ba sai yau. Ni tela ne, karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka in na zo inda ya shafi na'ura, yadda na fahimta zan faɗa. Wanda ya fi ni sani ya yi haƙuri har in kai ƙarshe.

A garin nasu akwai wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Tabawa. Abu biyu aka san ta da su, kaɗin auduga da yawon zumunci. Ba a suna, ba a biki, ba a zaman makoki a garin da ƙauyukan kewaye sai an ga Gwaggo ta ɓullo da mayafinta a kafaɗa. In har aka raba goro ba ta iso ba, sai a tura a dubo ko lafiya. Kuma a ƙasa take zuwa ko'ina. In ɗan acaɓa ya tsaya zai rage mata hanya, sai ta ce, "Wuce abinka, ɗan nan. Ƙafa biyu Allah ya ba ni, duk suna aiki."

Kaɗi kuwa gadon gidansu ne. Tana da wani mazari da ya sha hannu har ya yi baƙi yana ƙyalli. Mazarin nan ba a gadonsa yadda ake gadon tukunya ko akwati. Al'adar gidan ita ce, in mai riƙe da shi ta tsufa, sai ta tara 'ya'yan gidan kowa ya kaɗa zare, a shimfiɗa zaren a kan baƙin zane a rana. Wanda nasa ya fi siriri, har sai an ƙanƙance ido kafin a gan shi, shi ke ɗaukar mazarin. Ba a duba babba ko ƙarami, kuma ba a tarayya a kansa: ɗaki ɗaya yake kwana, hannu ɗaya ke riƙe shi. Haka Tabawa ta same shi tana 'yar shekara goma sha uku, a gaban yayyenta mata huɗu, kuma har ta tsufa ba ta gaji da ba da wannan labari ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da ƙanenta ya rasu ya bar 'ya'ya uku, ita ta riƙe su har suka zama mutane. Babbarsu Kubura, mai sayar da farfesun ƙafar saniya a bakin tasha. Na biyu Nafi'u, mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwa. Autarsu Barira, wadda ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a a birni. Duk sun yi albarka, amma ba wanda ya iya kaɗi. Kubura ta taɓa gwadawa, zarenta ya fito kamar igiyar ɗaure akuya. Barira ba ta ajiye littafi balle ta ɗauki auduga. Shi kuwa Nafi'u, sau ɗaya ya taɓa mazarin, yana yaro, ya ɗauke shi yana wasan katantanwa da shi a tsakar gida, kuma bai manta abin da kunnensa ya ji ranar ba. Sai Gwaggo ta haƙura, ta ce mazari ya zo ƙarshen tafiyarsa a hannunta.

Ana nan, Gwaggo tana fama da ciwon suga, sai wata rana a hanyar zuwa suna ta taka ƙaya a dunduniya. Ta cire ta ci gaba da tafiya, don a ganinta ƙaya ba ta isa ta hana ta cin tuwon suna ba. Wurin ya ƙi warkewa. Wata ɗaya, wata biyu, ya zama gyambo, ya buɗe kamar bakin ludayi. An wanke, an ɗaure, an sha magani, duk a banza. Duk ranar da za a sauya bandeji, sai ya kama ɗan naman da ya fara tsirowa ya ɗago da shi, a koma farko.

Daga ƙarshe likitar da ke duba ta ta zaunar da ita da 'ya'yan uku, ta ce za ta ba ƙafar kwana arba'in. In ciwon bai fara haɗewa ba, dole a yanke daga ƙasan gwiwa, kafin ya haura ya ɗauki rai. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Da suka koma gida ta ɗauko wani zare da ta kaɗa da hannunta, ta rataye a jikin ƙusa kusa da gadonta. Kowace safiya bayan ta idar da salla a zaune, sai ta ƙulla ƙulli ɗaya.

To, Barira ce ta fara motsawa. Ta zo ta zauna a bakin gadon, ta ce a wurin aikinsu akwai wani irin kaɗi da ake yi ba da yatsa ba, da wutar lantarki. Ana zuba wani ruwa mai yauƙi a cikin sirinji, a maƙala wa allurar wayar wuta mai ƙarfin gaske, a ajiye wani ƙarfe a gabanta kamar taƙi ɗaya. Sai wutar ta kama ɗigon da ke bakin allura ta ja shi, ya yi tsini, zare ya fita daga cikinsa yana wulwulawa a iska. Kafin ya isa ga ƙarfen ya bushe. Haka zai yi ta zuba yana hawa kan juna har ya zama ɗan farin ƙyalle mai laushi kamar yanar gizo. Zaren kuwa, in aka tsaga gashin kai ɗaya gida ɗari biyu ko uku, to kashi ɗaya ne kaurinsa. Kafofin ƙyallen iska na ratsa su, ƙwayar cuta ba ta wucewa. Shi ya sa, in ji ta, ake neman yin matacin ruwa da shi, da takunkumin hanci. A kan ciwo kuma, sabon nama yakan bi zaren ya yaɗu, yadda wake ke bin karan dawa. Kuma ba a ɓamɓare shi, a hankali yake narkewa a jiki.

Gwaggo ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Auta, shekara nawa na yi ina roƙonki ki koyi kaɗi? Ashe jira kike a kawo wuta." Ta yi dariya har da tari. Amma ta ce a gwada.

Barira ta kwashi takardun bincikenta ta kai wa likita. Sau uku tana zuwa ana ce mata a'a, don likitar ta ce ba za ta ɗora wa majinyaciyarta abin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. A zuwa na huɗu, bayan manyan asibitin sun zauna sun duba, aka amince, da sharaɗin a gwada shi a ɗakin bincike tukuna, kuma likitar ce za ta riƙa sa shi da hannunta. Ranar, ƙullin Gwaggo ya kai bakwai.

Sai ga matsala. Injin kaɗin da ke wurin aikin Barira, akwatin da ke ba shi wuta ya ƙone tun bara, kuma an ce sabo ba zai iso daga ƙasar waje ba sai bayan wata shida. Nan Nafi'u ya shigo. Ya rufe shagonsa ya bi ta birni, ya tsaya ya ƙare wa mataccen injin kallo, ya ce, "Wannan ai talabijin ce da ba ta nuna hoto." Ya koma ya tono tsofaffin talabijin masu doro da mutane suka watsar a bayan shagonsa, ya ciro wani baƙin ƙullutu da ke cikinsu, wanda aikinsa shi ne ɗaga ƙarfin wuta ya ninka sau ɗaruruwa. Ya samo babban gwangwanin madara, ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli da ake gasa kifi a ciki, ya ɗora shi kan injin tsohuwar fanka, don ya riƙa juyawa yana karɓar zare. Ya haɗa wani ɗan inji da zai riƙa tura sirinji a hankali, kamar tafiyar hawainiya. Sau biyu wutar tana make shi. Na biyun sai da ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi salati, ya lalubi hularsa, ya tashi ya ci gaba. Daga nan ya rufe komai a cikin akwatin gilashi, ya yi dabara yadda in an buɗe ƙofar wutar za ta ɗauke da kanta, don kada ta taɓa ƙanwarsa. Da yake damina ce, laima ta hana zaren bushewa, sai ya sa ƙwan fitila mai zafi a cikin akwatin. Ya kuma jona batirin sola, don ko an ɗauke wuta aiki kada ya tsaya. Kwana shida ya yi a kan wannan. Ƙullin Gwaggo ya kai goma sha uku.

Barira ta zo gida da murna ta ce gobe za a fara. Sai Gwaggo ta ce, "To, audugar fa? Ni ban taɓa kaɗa audugar da ban san gonarta ba. Wannan ruwan yauƙin naki, daga me aka yi shi?"

Barira ta ce wani gari ne da ake narkawa, danƙo ne da ake cirowa daga fatar dabba.

"Wace dabba?"

Barira ta tuna kwalbar da garin ya zo a ciki. Ta san abin da ke rubuce a jikin kwalbar, kuma ba ta saba yi wa Gwaggo ƙarya ba. Ta ce, "Alade ne, Gwaggo. Amma an sarrafa shi ya sauya, kuma lalura ce. Ko malamai za ki tambaya..."

"Na ji, malamai sun fi ni sani," in ji Gwaggo. "Amma da ƙafar nan nake fatan komawa tsayuwar salla. Zuciyata ba za ta kwanta ba. Ki mayar da kwalbarki, Allah ya yi miki albarka." Aka yi lallashi, aka yi roƙo, ta juya fuska ga bango. An nemi irin na saniya a birni ba a samu ba. Barira ta gwada ƙaro, wutar ta riƙa fesa shi kamar yayyafi, ba zare ko ɗaya. Kwana biyu aka yi a tsaye cik.

Kubura ba ta cika magana in ana zancen boko ba. Amma da ta ji ana ta danƙon fata, danƙon fata, sai ta ce, "Wai abin nan da ke sa romona ya daskare in ya kwana, shi kuke nema har ƙasar Turawa?" Barira ta zaro ido ta ce shi ne. Washegari Kubura ta kai musu kula cike da romo. Aka tace aka zuba a sirinji. Ba a samu zare ba, sai maiƙo da ya ɓata gilashin, kuma ɗakin bincike ya game da ƙamshin farfesu har ma'aikata suka riƙa leƙowa suna tambayar wace ce ta haihu.

Kubura ba ta yi fushi da dariyar ba. Ta rufe rumfarta, ta je mahauta da kanta ta tsaya aka yanka saniya a gabanta da sunan Allah, ta karɓi ƙafafu da fata. Ta babbake, ta kankare, ta jiƙa, ta yi ta sauya ruwa. Ta ɗora a wuta ba gishiri ba yaji. Barira ta ce a ƙara itace don lokaci na tafiya, Kubura ta ce, "Ke dai tsaya ga allurarki. In ya tafasa, danƙon ya mutu. Shekara ashirin ina kan murhun nan." Tun hantsi har la'asar sakaliya tana zaune tana janye itace tana turawa, ba ta bar tukunyar ta yi ko ɓul ɗaya ba. Ta bar shi ya huce, ta kwashe maiƙon da ya taso tas, ta tace sau bakwai da sabon farin ƙyalle, ta shanya a faranti har ya bushe ya zama kamar gilashi. Da aka narka shi a ruwan tsamin da Barira ke aiki da shi, ma'aunai suka ce ya yi, amma zaren ya riƙa fitowa da gudaji kamar carbi. Kubura ta ɗiga kaɗan a babban yatsa, ta haɗa da manuni ta buɗe, ta ce, "Ya yi ruwa. Ƙara." Aka ƙara. Ta sake taɓawa ta ce, "Kaɗan kuma." A karo na uku ta ce ya isa. Nafi'u ya kunna wuta. Ba su ga komai a iska ba, amma a hankali gwangwanin madara ya fara yin fari kamar an hura masa garin alli. Ranar ƙulli ya kai ashirin.

Saura ƙiris murna ta koma ciki, don ƙyallen farko da aka ɗiga masa ruwa, nan take ya narke ya ɓace. Ciwo kuwa ba ya rabuwa da laima. Barira ta koma kan littattafanta da gwaje-gwajenta, har ta gano irin zafin da za a gasa ƙyallen a tanda da tsawon lokacin, yadda zai jure laima kwanaki kafin ya narke. Ta haɗa 'yar zuma a cikin ruwan don ta taimaka wajen kashe ƙwayar cuta. Ta tsabtace shi, aka gwada, likita ta gamsu.

Ranar ƙulli na ashirin da biyar aka ɗora na farko. Da Gwaggo ta ji akwai zuma a ciki, sai ta ce wa likita, "Yanzu zumar da kika hana bakina ita za ki ba dunduniyata? Ai ko lasa a ba ni." Likita ta ce ko ɗigo, kuma maganin suga yana nan daram.

Bayan kowane kwana uku a ɗora sabo. Gwaggo tana ƙulla zarenta, ba ta tambayar kowa komai. Ranar ƙulli na talatin da bakwai likita ta buɗe ƙafar, ta daɗe tana kallo, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta duba. Jan nama sabo ya taso daga gefe yana rarrafowa tsakiya. Ta ce, "Gwaggo, mun fasa." Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi. Dama akwai suna biyu da ake jirana." Kafin wata uku ciwo ya haɗe, sai ɗan tabo.

Fitarta ta farko ba suna ta je ba. Ta ce a kai ta ta ga wannan makaɗin da ba shi da yatsa. Daga tashar birni har jami'a a ƙasa ta taka, su ukun suna bin ta a baya suna haki. Ta zaro baƙin zane daga jakarta ta ce a shimfiɗa mata zaren a kai, yadda ake yi a gidansu. Aka sa zanen a akwatin na ɗan lokaci aka fito da shi rana. Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ba ta ga komai ba sai wani ɗan dishi-dishi. Sai Barira ta roƙi furfurarta ɗaya, ta ajiye kusa da zaren a cikin na'urar da ke ƙara girman abu, hoton ya fito a fuskar kwamfuta. Furfurar ta tsaya kamar gindin kuka, zaren kuma kamar ciyawa a gefenta.

Gwaggo ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Shekara sittin ba a kayar da ni ba. Yau an kayar da ni, kuma 'ya'yan gidanmu ne." Ta sa hannu a jaka ta fito da mazarin. "Al'ada ta ce a ba wanda ya kaɗa. To, waye ya kaɗa?"

Nafi'u ya yi caraf ya ce, "A gidan nan yatsan da ya ja zare ake dubawa. Nan wuta ce ta ja, wutar kuma ni na kawo ta. Ga shaidarta a hannuna."

"Kai da ka yi katantanwa da shi?" in ji Kubura. "Ja iska da wutar taka mu gani. Duk kuna tsaye cirko-cirko da injinku sai da na kawo auduga. Kuma yatsana ne kaɗai ya taɓa abin nan."

Barira ta ce, "Yaya, ai ba a taɓa ba manomin auduga mazari ba, ba a kuma taɓa ba masassaƙinsa ba. Da ban zo da maganar ba, ke kina tasha kina zuba romo, shi yana kasuwa yana neman tashar rediyo."

"Da maganar taki kaɗai, da yanzu kwalbar alade na hannunki," in ji Kubura.

Suka yi ta yi, suna dariya suna ƙara zafi, Gwaggo tana kallon wannan tana kallon wancan. Da ta ga ba za a gama ba, ta mayar da mazarin cikin jaka ta ce su tashi, tafiya na gabanta. Ta tambayi limami, ta tambayi tsofaffin masu kaɗin zare 'yan'uwanta, kowa da nasa zaɓin. Mazari kuwa guda ɗaya ne, kuma ɗaki ɗaya yake kwana.

Ni da Lantana mun yi shekara biyu muna wannan gardama. Ina kan keken ɗinki, tana tsince shinkafa, sai ta ɗago ta ce, "Malam, har yanzu kana kan bakanka?" Ta zaɓi nata, na zaɓi nawa, har Allah ya karɓi abarsa ba mu daidaita ba. Ba zan gaya muku wanda kowannenmu ya zaɓa ba, don kada ku bi bayanta saboda tausayina.

Ga Barira da ta kawo sanin, ta shawo kan likita, ta hana ƙyallen narkewa. Ga Nafi'u da ya tayar da mataccen inji daga juji, ya sha wuta sau biyu. Ga Kubura da ta ciro halastaccen danƙo daga tukunyarta, ta auna shi da yatsa inda ma'auni ya gaza. Gwaggo Tabawa tana tsaye da ƙafarta biyu, mazari na hannunta. To, ku gaya min, wa za ta miƙa wa?